Tambayoyi da Amsoshi Kan Sunayen Mutanen Polan da Ma'anoninsu

Duk wanda yake bin labaran ƙwallon ƙafa ko siyasar Turai ya taɓa cin karo da sunaye irin su Lewandowski, Wojciech, Stanisław da Małgorzata, ya tsaya yana tunanin ta inda harshe zai kama su. Sunayen suna da wuyar gani a rubuce, amma a bayansu akwai tsari bayyananne, kuma wanda ya fahimci tsarin zai iya sanin abubuwa da dama game da mai sunan da kuma dangantakarsa da mai kiransa. An tattara tambayoyin da aka fi yi a nan tare da amsoshinsu.

Sunaye nawa mutumin Polan yake ɗauka, kuma yaya ake jera su?

Mutum yana da sunan yanka, wanda suke kira imię, da sunan iyali, wanda suke kira nazwisko. Sunan yanka ne yake zuwa da farko, sannan na iyali ya biyo baya. Doka ta yarda a yi wa jariri rajista da sunan yanka ɗaya ko biyu, ba ta yarda a wuce haka ba. Suna na biyu galibi na kaka ne, ko na wanda ya tsaya wa yaron a wurin baftisma, ko na wani waliyyi, kuma ba a cika jin sa ba sai a takardun hukuma. Mabiya ɗarikar Katolika, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar, sukan zaɓi wani suna na uku na waliyyi a lokacin da coci yake tabbatar da su cikin addini suna matasa, sai dai wannan sunan ba ya shiga katin shaida.

Sunan iyali kuwa gado ne da yake tafiya daga zuriya zuwa zuriya ba ya canzawa, saɓanin yadda muka saba a ƙasar Hausa inda yaro yake ɗaukar sunan yankan mahaifinsa, jika kuma ya ɗauki wani daban.

Daga ina sunayen yankan nasu suka samo asali?

Tushe biyu ne manya. Na farko shi ne tsofaffin sunayen al'ummun Slav, waɗanda mutanen Polan suke amfani da su tun kafin Kiristanci ya iso musu. Na biyu shi ne sunayen da suka shigo ta hanyar coci daga Ibraniyanci da Girkanci da Latinanci, tare da wasu da suka shigo daga Jamusawa maƙwabta.

Shekarar da ta raba zamunnan biyu ita ce 966, lokacin da sarki Mieszko na Ɗaya ya karɓi baftisma bayan ya auri gimbiya Dobrawa daga ƙasar Bohemiya, wadda take cikin Jamhuriyar Czech a yau. Sunayen gargajiya ba su ɓace nan take ba, domin gidan sarauta kansa ya ci gaba da amfani da su: ɗan Mieszko sunansa Bolesław, kuma shi ne aka naɗa sarkin Polan na farko mai kambi a 1025. Amma sannu a hankali sunayen waliyyai suka mamaye ƙauyuka da birane, musamman bayan babban taron cocin Katolika na Trent da aka yi tsakanin 1545 da 1563, wanda bayansa limaman coci suka matsa wa iyaye su riƙa zaɓen sunayen waliyyai. Daga cikin tsofaffin sunayen, waɗanda suka tsira sosai su ne waɗanda aka yi sa'a wani waliyyi ya taɓa ɗauka. Wojciech ya tsira saboda bishop ɗin birnin Prag da aka kashe a 997 yana wa'azi a cikin arnan Prusiya. Stanisław ya tsira saboda bishop ɗin Krakow da aka kashe a 1079 sakamakon rikicinsa da sarki Bolesław na Biyu. Kazimierz ya tsira saboda yariman da ya rasu a 1484 aka kuma ɗauke shi waliyyi.

Abin da ya fi taɓa zuciya a wannan tarihi shi ne yadda sauran sunayen suka dawo. Rasha da Prusiya da Ostiriya sun raba ƙasar Polan a tsakaninsu har sau uku, a 1772 da 1793 da 1795, ta ɓace daga taswira har zuwa 1918. A cikin waɗannan shekaru 123 ne iyaye suka koma suna tono sunayen kakanninsu suna raɗa wa 'ya'yansu, domin mutumin da aka hana shi tutarsa da makarantarsa da harshensa a ofisoshi yana da sauran wuri ɗaya da zai iya cewa shi ɗan Polan ne, wato sunan da zai sa wa ɗansa.

Me ya sa sunaye da yawa suke ƙarewa da "sław", kuma mece ce ma'anarsu?

Tsofaffin sunayen Slav yawanci kalmomi biyu ne aka haɗa, kuma haɗin fata ne da iyaye suke yi wa yaro. Kalmar sława tana nufin ɗaukaka ko shahara, ita ce ta fi yawa a ƙarshen sunayen. Władysław ya haɗa mulki da ɗaukaka. Bolesław yana nufin ɗaukaka mafi girma. Bronisław shi ne mai kare ɗaukaka, Czesław ya haɗa girmamawa da ɗaukaka, Radosław kuma ya haɗa farin ciki da ita. Stanisław ana fassara shi da wanda zai zama mai ɗaukaka, ko wanda ɗaukakarsa za ta tsaya daram. Idan aka ƙara harafin a a ƙarshe sai sunan ya koma na mace: Stanisława, Bronisława, Władysława.

Kalma ta biyu da ake yawan gani ita ce mir, wato zaman lafiya, kamar a Mirosław da Sławomir, waɗanda kalmomi iri ɗaya ne aka juya. A kan Kazimierz akwai fassara biyu: masana harshe sun fi karkata ga cewa sashen farko daga kalmar rusawa yake, wato mai rusa zaman lafiyar abokan gaba, yayin da wasu suke fassara shi da mai shelar zaman lafiya. Sai kalmar Bóg, wato Allah, wadda ta haifar da Bogdan, kyautar Allah, da Bogumił, abin ƙaunar Allah, da Bogusław, ɗaukakar Allah, da kuma sunan mata Bożena.

Biyu daga cikinsu sun cancanci a tsaya a kansu. Wojciech ya haɗa woj, mayaƙi, da ciech, farin ciki ko lallashin zuciya, ana fassara shi da mayaƙi mai farin ciki ko mai sanyaya zukatan mayaƙa. Zbigniew kuwa ya haɗa kalmar kawarwa da gniew, wato fushi, ma'anarsa mai kawar da fushi. A ganina wannan na daga cikin mafi kyawun sunayen da wata al'umma ta taɓa ƙirƙira, domin a zamanin da kowa yake roƙa wa ɗansa nasara a fagen fama, an sami uban da abin da ya roƙa wa nasa shi ne ya zama mai kashe wutar fushi.

Akwai sunayen da Bahaushe zai gane da zarar an bayyana masa?

Suna da yawa, domin sunayen annabawa da mala'iku da suka iso mana ta Larabci su ne suka isa Polan ta hanyar Littafi Mai Tsarki. Rubutun ne kawai yake ɓoye su, saboda harafin j a Polanci sautin y yake bayarwa. Jakub ana furta shi Yakub, wato Yakubu. Józef ana furta shi Yuzef, wato Yusufu. Jan shi ne Yahaya, ko Yohanna a bakin Kiristocin Hausawa. Adam da Ewa su ne Adamu da Hauwa'u, Dawid shi ne Dauda, Maria ita ce Maryamu, Michał shi ne Mika'ilu, Gabriel kuma Jibrilu. Haka nan Piotr da Paweł da Andrzej su ne Bitrus da Bulus da Andarawus.

Ta fuskar ma'ana, Piotr daga kalmar Girkanci ta dutse yake, Paweł daga kalmar Latinanci ta ƙarami, Andrzej kuma na nufin namijin gaske. Tomasz daga harshen Aramaik yake, ma'anarsa ɗan tagwaye. Krzysztof yana nufin mai ɗauke da Almasihu, Jerzy manomi ne, Grzegorz mai lura da sa ido, Aleksander mai kare mutane, Mateusz kyautar Ubangiji. A ɓangaren mata, Anna daga Ibraniyanci take da ma'anar alheri ko tagomashi, Zofia hikima ce, Małgorzata lu'ulu'u, Zuzanna wata fure ce, Barbara baƙuwa, Agnieszka da Katarzyna kuma ana danganta su da tsarki. Daga Jamusanci aka sami Jadwiga, mai ma'anar yaƙi, sunan sarauniyar da aka naɗa a 1384, da kuma Karol, wanda asalinsa yana nufin namiji. Kalmar król, wato sarki a Polanci, ta samo asali ne daga wannan sunan, saboda girman sarkin Farankawa Karl Mai Girma ya kai maƙwabtansa suka mai da sunansa sarauta.

Akwai kuma sunan da marubuci ya ƙirƙira ya zama na kowa. Mawaƙi Adam Mickiewicz ne ya ƙago Grażyna don jarumar wata waƙarsa da ta fito a 1823, daga kalmar harshen Lituwaniya mai nufin kyakkyawa.

Ta yaya ake gane sunan mace da na namiji?

Kusan kowane sunan mace yana ƙarewa da harafin a, na maza kuma galibi da baƙi suke ƙarewa. Akwai 'yan sunayen maza da suka saɓa, kamar Barnaba da Kosma da Kuba, da 'yan sunayen mata na aro kamar Miriam.

Batun Maria daban yake. Ƙarnuka da dama mutanen Polan suna jin nauyin raɗa wa 'ya'yansu mata wannan suna saboda girmama mahaifiyar Annabi Isa, sai su sa Marianna ko Maryna a madadinsa. Har yau sun bambanta su a harshe: uwar Almasihu ita ce Maryja, sauran mata kuma Maria. Bahaushen da ya san yadda ake sakaya sunan uba ko na suruki ba zai yi mamakin irin wannan kunya ba. Sannan ana iya ba namiji Maria a matsayin suna na biyu don neman albarka, kamar tsohon shugaban ƙasa Bronisław Maria Komorowski, wanda ya yi mulki daga 2010 zuwa 2015.

Yaushe ake raɗa wa jariri suna, kuma doka tana sa baki?

A yau iyaye suna da kwana 21 daga ranar da aka rubuta takardar haihuwa su yi wa jariri rajista a ofishin rajistar jama'a. Idan ba su zaɓi suna ba, shugaban ofishin ne zai zaɓa. Yana da ikon ƙin karɓar sunan da zai jawo wa yaro dariya, ko na rashin ɗa'a, ko wanda sigar lele ce kawai ta wani suna. Dokar da ta fara aiki a 2015 ta sassauta, ta yarda a sa sunayen ƙasashen waje. Baftisma takan biyo baya a coci, tare da uba da uwar baftisma, waɗanda ake sa ran za su ci gaba da kula da yaron har ya girma.

Kafin Kiristanci akwai wata al'ada da ake kira postrzyżyny, wato askin farko. Yaro namiji yana zama a hannun uwarsa da sunan wucin gadi har ya kai shekara bakwai, sannan a tara dangi, a yi masa aski a karo na farko, a ba shi cikakken sunansa, ya koma ƙarƙashin tarbiyyar mahaifinsa. Tsohon tarihin sarakunan ƙasar ya ambaci wannan biki a labarin asalin gidan sarautar Piast. Mai karatu zai lura cewa aski da suna da lamba bakwai sun haɗu a nan kamar yadda suka haɗu a wurinmu, sai dai mu kwana bakwai muke ƙirgawa, su kuma shekara bakwai.

Mece ce imieniny, kuma da gaske ta fi ranar haihuwa muhimmanci?

Ana iya fassara ta da ranar suna, amma kada a rikita ta da bikin suna na kwana bakwai. Kowace rana ta shekara tana da sunayen waliyyai da aka jingina mata a kalanda, kuma duk mai ɗauke da ɗaya daga cikin sunayen yana yin bikinsa a ranar, kowace shekara. Józef yana yi ranar 19 ga Maris, Wojciech ranar 23 ga Afrilu, Stanisław ranar 8 ga Mayu, Zofia ranar 15 ga Mayu, Jan ranar 24 ga Yuni, Piotr da Paweł ranar 29 ga Yuni, Anna ranar 26 ga Yuli, Adam da Ewa kuma ranar 24 ga Disamba. Idan suna ya bayyana sau da yawa a kalanda, yawanci ana ɗaukar ranar farko da ta biyo bayan ranar haihuwar mutum.

Ga tsofaffi da masu matsakaicin shekaru, wannan rana ta daɗe tana gaba da ranar haihuwa, kuma dalilin a fili yake. Ranar haihuwa sai wanda aka gaya wa ne yake sanin ta, tana kuma tona shekarun mutum, amma ranar suna tana rubuce a kalandar bango da jaridu, kowa yana gani. Mai bikin yakan kai kek ko alewa wurin aiki ya raba wa abokan aiki, su kuma su kawo masa furanni, waɗanda al'ada ta ce adadinsu ya zama mara, kamar uku ko biyar ko bakwai. Da yamma dangi da maƙwabta su zo gida, a shimfiɗa teburi, a yi masa addu'ar sto lat, wato shekara ɗari. Matasan yanzu sun fi karkata ga ranar haihuwa, kuma a yankin Silesiya dama can ita aka fi yi wa biki.

Wasu ranakun sun wuce masu sunan sun zama na ƙasa baki ɗaya. Ranar Barbara, 4 ga Disamba, ita ce bikin masu haƙar ma'adinai, suna kiranta Barbórka. Ranar Mikołaj, 6 ga Disamba, ake ba yara kyaututtuka. Daren jajibirin ranar Andrzej, 30 ga Nuwamba, dare ne na wasannin gargajiya da ake kira Andrzejki. Daren ƙarshe na shekara kuwa ba shi da wani suna a bakinsu sai Sylwester, saboda 31 ga Disamba ranar waliyyi mai wannan sunan ce.

Me ya sa miji yake Lewandowski matarsa kuma Lewandowska?

Sunayen iyali masu ƙarewa da ski da cki da dzki siffofi ne a nahawun Polanci, kuma siffa tana bin jinsin wanda take siffantawa, kamar yadda muke cewa Bakano da Bakanuwa da Kanawa. Don haka ɗan ƙwallo Robert Lewandowski ne, matarsa Anna Lewandowska ce, idan aka haɗa su kuma sai a ce Lewandowscy. Masaniyar kimiyyar da duniya ta sani da Marie Curie an haife ta a Warsaw a 1867 da sunan Maria Skłodowska, mahaifinta kuma Władysław Skłodowski.

Sunayen da ba siffa ba, kamar Nowak ko Świątek, ba sa canzawa a takardun hukuma. A da ana yi musu ƙari a ƙarshe don nuna matsayin mace: matar Nowak ita ce Nowakowa, 'yarsa da ba ta yi aure ba kuma Nowakówna. Wannan ya fita daga rubutun hukuma, ko da yake ana jin sa a bakin tsofaffi da mutanen karkara. A wajen ɗaurin aure kowane ɗaya daga cikin ma'auratan yana da zaɓi uku: ya riƙe sunansa, ya ɗauki na abokin zamansa, ko ya haɗa biyun, muddin ba su wuce sassa biyu ba. Mafi yawan mata na miji suke ɗauka.

Shin duk mai "ski" a sunansa jinin sarauta ne? Mece ce ma'anar sunayen iyalin da aka fi ji?

A'a. Asalin ƙarin dai daga masu ƙasa ya fito, waɗanda ake kira szlachta. Da farko ana cewa Jan na Tarnów, daga baya aka dunƙule shi ya zama Jan Tarnowski. Da ƙarin ya zama alamar daraja sai 'yan birni da manoma su ma suka ɗauka, har ya kai yau ba ya nuna komai game da asalin mutum. Kowalski, alal misali, daga kowal yake, wato maƙeri.

Sunan iyali da ya fi yawa a ƙasar shi ne Nowak, wanda mutane wajen dubu 200 suke ɗauke da shi, ma'anarsa sabon zuwa, kusan abin da Bahaushe zai kira Baƙo. Kowalski ne yake biye da shi, kuma Jan Kowalski shi ne sunan da suke amfani da shi idan suna nufin wane, wato kowane talaka. Wiśniewski yana da alaƙa da wani ɗan itace ja mai tsami da suke kira wiśnia, Kamiński da dutse, Zieliński da kore ko ganye. Wójcik daga wójt yake, wato dagaci. Krawczyk ɗan tela ne, Kowalczyk ɗan maƙeri, Kaczmarek mai masaukin baƙi, Mazur kuma mutumin yankin Mazowsze. Wałęsa ya fito daga kalmar yawo. Ƙarin owicz da ewicz yana nufin ɗan wane, kuma ya fi yawa a sunayen da suka fito daga gabas, yankunan da suke cikin Lituwaniya da Belarus da Yukren a yau.

Me ya sa ake kiran Aleksandra da Ola, Joanna da Asia?

A nan ne harshen ya fi nuna taushinsa. Kusan babu wanda ake kira da cikakken sunansa a cikin gida. Katarzyna takan zama Kasia, Barbara ta zama Basia, Małgorzata ta zama Małgosia ko Gosia, Anna ta zama Ania, Jakub ya zama Kuba, Wojciech ya zama Wojtek, Tomasz ya zama Tomek. Wasu sun yi nisa da asalinsu har baƙo ba zai iya haɗa su ba: Ola daga Aleksandra, Olek daga Aleksander, Asia daga Joanna ta hanyar Joasia. Karol Wojtyła, wanda ya zama Paparoma John Paul na Biyu a 1978, Lolek ake kiransa yana yaro a garin Wadowice.

Kuma kowace siga tana da nata zafi ko sanyi. A ɗauki mace ɗaya mai suna Katarzyna a yini ɗaya. A banki ita ce Katarzyna. Abokan aikinta suna ce mata Kasia. Kakarta, idan ta rungume ta, Kasieńka za ta ce. Ƙawarta ta makaranta tana iya ce mata Kaśka ba a ji komai ba, amma idan baƙo ya furta wannan sigar, rashin ladabi ne, idan kuma uwarta ce ta kira ta da ita da ƙarfi daga ɗakin girki, to ta san akwai laifin da ta yi. Wanda ya san bambancin A'ishatu da Indo da A'i ya riga ya fahimci rabin maganar. Shawarar da ta dace ga baƙo ita ce ya tsaya a kan sigar da mutum ya gabatar da kansa da ita, kada ya yi gaban kansa.

Yaya ake kiran mutum cikin ladabi?

Ana ce wa namiji Pan, mace kuma Pani, ko tana da aure ko ba ta da shi. Ba a ce wa babba ko baƙo ty, wato kai ko ke, sai ya ba da izini, kuma bisa al'ada babba ne yake yi wa ƙarami wannan tayin, mace kuma ta yi wa namiji. Idan mutum yana da muƙami, da shi ake kiransa: Panie doktorze, Panie profesorze. Idan an saba amma ba a kai ga abota ba, sai a haɗa Pan ko Pani da sunan yanka. Kiran mutum gaba da gaba da Pan haɗe da sunan iyalinsa yakan zo wa mutane da yawa da ɗan kaushi.

Sannan suna yana sauya ƙarshensa gwargwadon aikinsa a jimla, domin Polanci yana da sigogi bakwai na suna, ɗaya daga cikinsu ta kira ce. Mai kiran Anna zai ce Pani Anno, mai kiran Piotr zai ce Panie Piotrze, Jan ya koma Janie, Kasia ta koma Kasiu, Tomek ya koma Tomku. Duk wanda ya ga Piotra ko Piotrowi a rubuce kada ya zaci wani mutum ne daban.

Yaya ake furta su?

Bahaushe yana da sa'a a wasu sautukan. Haruffan cz suna ba da sautin c na Hausa kamar a ciki, sz kuma sautin sh. Harafin ł sautin w ne, shi kuma w sautin v ne na Turanci, wanda yake komawa f a ƙarshen kalma. Harafin ó sautin u ne, ch kuma h ce mai ɗan kauri. Ana ɗora nauyin murya a kan gaɓa ta biyun ƙarshe. Da waɗannan kaɗai za a iya karanta Stanisław a matsayin Staniswaf, Czesław a matsayin Ceswaf, Paweł kuma Pavew.

Akwai Musulmi 'yan asalin Polan? Waɗanne sunaye suke amfani da su?

Akwai Tatar, waɗanda kakanninsu suka zauna a daular Lituwaniya tun ƙarni na 14 suna yi mata aikin soja. A 1679 sarki Jan Sobieski na Uku ya ba wasunsu filaye a gabashin Polan a madadin albashin da suke bin baitulmali, kuma har yau masallatansu na katako suna tsaye a ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki, kusa da iyakar Belarus. Sun daɗe da barin harshen Tatar sun koma Polanci, amma sun riƙe Musulunci, kuma sunayensu suna ɗauke da duka biyun. Sun ɗauki ƙarin owicz suka ɗora a kan sunayen Musulunci, shi ya sa ake samun Achmatowicz, wato ɗan Ahmad, kamar masanin kimiyyar haɗa sinadarai Osman Achmatowicz. Suna son sunayen da addinan biyu suka yi tarayya a kansu, kamar Jakub da Adam da Dawid. Bikin raɗa wa jariri suna a wurinsu azan ake kiransa, saboda kiran sallar da liman yake yi wa jaririn.

Waɗanne sunaye ne suka fi yawa a yau?

Idan aka ƙirga duk masu rai, Anna ce kan gaba a mata, da masu ɗauke da ita fiye da miliyan ɗaya, sai irin su Katarzyna da Maria da Małgorzata da Agnieszka. A maza Piotr ne kan gaba, sai Krzysztof da Andrzej da Tomasz. A jarirai kuwa sunayen kakanni ne suka dawo: Antoni, Jan, Franciszek, Aleksander da Nikodem ga maza, Zofia, Zuzanna, Hanna da Maja ga mata. Sunaye irin su Zdzisław da Wiesława, waɗanda suka cika makarantu a tsakiyar ƙarni na 20, yanzu da an ji su an san mai su ya manyanta.

Wani abu mara daɗi shi ne yadda intanet ta mai da wasu sunaye abin zolaya. Janusz da Grażyna sun zama laƙabin mutum mara wayewa, Brajan da Dżesika kuma ana yi wa iyayen da suka ari sunayen Amurka ba'a da su. Akwai dubban mutanen kirki masu ɗauke da waɗannan sunaye, ba su suka zaɓa wa kansu ba, kuma baƙon da ya koyi Polanci zai kyauta idan bai shiga wannan wasan ba.

Me yake faruwa da sunayen idan mutane suka yi hijira?

Miliyoyin mutanen Polan sun ƙaura zuwa Amurka da Jamus da Faransa da Ingila tun daga ƙarni na 19, kuma sunayensu sun sha wuya a hannun ma'aikatan da ba su iya rubuta su ba. Alamomin da ke kan haruffa su ne suke fara zubewa, ł ta koma l, ś ta koma s. Stanisław yakan zama Stanley, Czesław ya zama Chester, Wojciech ya zama Albert. Marubucin da aka sani da Joseph Conrad an haife shi a 1857 da sunan Józef Teodor Konrad Korzeniowski. Wasu kuma sun ƙi sauyawa, kamar Zbigniew Brzeziński, mai ba shugaban Amurka Jimmy Carter shawara kan tsaro daga 1977 zuwa 1981, wanda 'yan jaridar Amurka suka koyi furta sunansa dole.

Bambancin jinsi ma yakan ɓace, domin hukumomin waɗancan ƙasashe suna ba 'ya sunan mahaifinta harafi da harafi. Shi ya sa idan aka ga mace mai suna Anna Kowalski, ana iya kyautata zaton a Chicago ko wani wuri makamancinsa aka haife ta, ko kuma a can ta yi aure. Da a Krakow ne, Kowalska za a rubuta mata.